Fashin baƙi: Wa ke biyan kuɗin shirye-shiryen talabijin na Katolika, kuma ina gudunmawar ke tafiya?

Cocin da mabiyansa suka haura biliyan 1.3, mai fadar Vatikan da dubban makarantu da asibitoci a faɗin duniya, me zai sa tashoshinsa na talabijin su riƙa roƙon masu kallo su taimaka da kuɗin haɗa shiri? Wannan tambaya kan dawo duk shekara, musamman a kwanaki arba'in na azumi kafin Ista, da Ranar Sadarwa ta Duniya, da kuma ƙarshen shekara, lokutan da ake yawaita neman gudunmawa. Wasu na ganin roƙon ba shi da dalili tunda Fafaroma na nan. Wasu kuma na bayarwa da zuciya ɗaya, amma a zatonsu kuɗin kyamara kawai ake nema, da zarar an saye ta aiki ya ƙare. Dukkan fahimtar biyu akwai gyara, kuma gyaran ya shafi aljihun mai bayarwa kai tsaye.

Wane irin shiri ake magana a kai?

Tashar Katolika kan watsa abubuwa iri-iri. Akwai Mas, wato babbar ibadar Katolika, da ake nunawa kai tsaye daga coci, akwai wa'azi, akwai hira a ɗakin shirye-shirye inda mutum biyu ko uku ke zaune gaban kyamara. Waɗannan ba su da tsada sosai idan an riga an mallaki ɗaki da kayan aiki. Wanda ake magana a kai nan shi ne shirin gaskiya, wato dokumantari: a fita da kyamara zuwa wuraren da abu ya faru, a yi hira da shaidu da masana, a nemo tsofaffin hotuna da takardu, sannan a saƙa su su zama labari guda mai farko da ƙarshe. Ba ƴan wasa ake ɗauka su kwaikwayi labari ba, ko da yake akan saka ɗan kwaikwayo inda babu hoton asali.

Batutuwansa sanannu ne: rayuwar wani daga cikin tsarkaka, wato waliyyan coci, tarihin zuwan bishara wata ƙasa, bayanin baftisma ko Jibin Ubangiji, aikin sistoci, wato matan da suka keɓe kansu don hidimar coci, a asibiti ko gidan marayu, halin Kiristocin da ke zaune cikin tsanani. Tsawonsa yawanci minti 26 ne ko 52, domin ya shiga filin rabin awa ko na awa guda a bar wa tasha wurin sanarwa.

Cocin ya daɗe da amincewa da talabijin a matsayin hanyar isar da saƙo. An nuna Mas na daren Kirsimeti a talabijin daga majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris tun 1948. Bishop Fulton Sheen ya yi tashe a talabijin ɗin Amurka a shekarun 1950, da allo da alli kawai a hannunsa. Fafaroma Pius na 12 ya fitar da wasiƙa kan fim da rediyo da talabijin a 1957, sannan babban taron bishop-bishop na Vatikan na biyu ya fitar da takardar Inter Mirifica a ranar 4 ga Disamba, 1963. Wannan takarda ce ta nemi a ware rana guda a shekara da za a tunatar da masu bi nauyin da ke kansu game da kafafen sadarwa, su yi addu'a, su kuma ba da gudunmawa. An fara kiyaye ranar, wato Ranar Sadarwa ta Duniya, a 1967, kuma a yawancin ƙasashe tana faɗowa ranar Lahadin da ke zuwa kafin Fentikos, bikin da ake yi kwana hamsin bayan Ista. Ke nan neman kuɗi daga masu kallo ba sabon abu ba ne da wasu suka ƙirƙiro, tun tushe aka tsara shi haka.

Kuɗin ba daga Roma yake fitowa ba

Babban kuskuren shi ne ɗaukar Cocin Katolika kamar kamfani guda mai baitulmali guda. A wajen koyarwa kai a haɗe yake, amma a wajen kuɗi kowace dayosis, wato yankin da bishop ke jagoranta, da asusunta, kowace ƙungiyar fada-fada (limaman coci) ko sistoci da nata. Vatikan na da nata sashen talabijin tun 1983, wanda yanzu ke ƙarƙashin ma'aikatar sadarwa da Fafaroma Francis ya kafa a 2015. Aikin wannan sashe ɗaukar hotunan Fafaroma da bukukuwan fadar ne da raba su ga tashoshin duniya, ba ɗaukar nauyin tashoshin wasu ƙasashe ba. Fadar kanta ta sha fama da giɓin kasafi a shekarun baya-bayan nan.

Manyan tashoshin da aka sani kowacce da yadda ta tashi. EWTN ta Amurka wata sista ce ta kafa ta, Uwa Angelica, a garejin gidan sistocinsu da ke Irondale a jihar Alabama, ta fara watsa shiri ranar 15 ga Agusta, 1981. Ba ta dogara da tallan kamfanoni ba, masu kallo ne suka riƙe ta, kuma an san Uwa Angelica da roƙon mutane su sa tashar a lissafin wata-wata kamar yadda suke sa kuɗin wuta da na gas. Abin lura, bishop-bishop na Amurka sun kafa tasu kafar a farkon shekarun 1980 da kuɗin coci, amma ba ta yi ƙarko ba, aka rufe ta a 1995, ta sistar kuwa ta ci gaba. A Faransa, Kadinal Lustiger ne ya kafa KTO a 1999, ita ma da gudunmawar jama'a take rayuwa. A Kanada, Salt and Light ta fito a 2003 bayan taron matasan Katolika na duniya da aka yi a Toronto a 2002. Italiya ce ta ɗan bambanta: tashar TV2000 mallakar majalisar bishop-bishop ɗin ƙasar ce, kuma cocin Italiya na samun kaso daga wani tsari da ke ba mai biyan haraji damar zaɓar inda kashi 0.8 cikin ɗari na harajin kuɗin shiga zai tafi.

Hanyoyin samun kuɗin dai ba su wuce kaɗan ba. Akwai baikon da ake tarawa a coci a rana ta musamman. A Amurka, alal misali, rabin abin da aka tara don aikin sadarwa yana zama a dayosis ɗin da ya tara, rabi ya tafi asusun ƙasa. Akwai masu bayarwa kaɗan-kaɗan duk wata, waɗanda su ne ƙashin bayan kowace tasha domin da su ake iya tsara albashi. Akwai attajirai da gidauniyoyi da kan ɗauki nauyin shiri guda. Akwai ƙungiyoyin agaji irin su Aid to the Church in Need, wadda aka kafa a 1947, da ke ɗaukar nauyin shirye-shirye kan Kiristocin da ake tsananta wa su ba tashoshi. Sai kuma sayar da shirin bayan an gama, ga makarantu da coci-coci da wasu tashoshi, wanda ba kasafai yake maido da abin da aka kashe ba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne jerin shirye-shirye goma mai suna Catholicism da Robert Barron, a lokacin yana limamin coci a Chicago, ya gabatar a 2011. An ɗauke shi a ƙasashe fiye da goma, an kashe kimanin dala miliyan 3, kuma daga gudunmawar mutane aka tara kuɗin. Ingancinsa ne ya sa tashoshin jama'a na PBS a Amurka, waɗanda ba na addini ba ne, suka nuna kashi huɗu daga ciki. Wannan shi ne abin da masu neman kuɗi ke nufi idan suka ce inganci na buɗe ƙofa: shirin da aka yi da arha yakan tsaya a tsakanin waɗanda dama sun yarda da saƙonsa.

Ina kuɗin ke shiga?

Aikin matakai huɗu ne, kuma wanda ido ke gani, wato ɗaukar hoto, ba shi ne mafi nauyi ba.

Matakin farko bincike da rubutu. Kafin a taɓa kyamara ana buƙatar takarda mai shafi kaɗan da ke faɗin labarin, su wa za a yi hira da su, ina za a je, wa ake son ya kalla. Shirin da ake yi don ɗan Katolika da ke son zurfafa saninsa daban yake da wanda ake yi don maƙwabcin da bai taɓa shiga coci ba. A nan ne ake sa masanin tauhidi da masanin tarihi su duba rubutun, a auna shi da Katikisim na 1992, littafin da ya tattara koyarwar cocin. Gyaran kuskure a kan takarda ba ya cin komai. Gyaransa bayan an naɗi murya an haɗa hoto kuwa sai an sake biyan ɗakin naɗi da mai tacewa.

Na biyu ɗaukar hoto. Ƙaramar tawaga mutum huɗu ce ko biyar: darakta, mai ɗaukar hoto, mai ɗaukar sauti, furodusa mai kula da kuɗi da izini, wani lokaci da mai haske. Sai direba da tafinta. Kuɗin mota, masauki, abinci, inshorar kayan aiki da na mutane duk a nan suke. Akwai kuma izini. Manyan majami'u da gidajen tarihi, har da na Vatikan, ba a shiga da kyamara sai da takardar izini, sau da yawa da kuɗi, kuma akan ba da awanni ƙalilan kafin a buɗe wa baƙi. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi a ƙasashe da yawa, har da Najeriya, sai da lasisi. Duk wanda aka yi hira da shi sai ya sa hannu a takardar amincewa, yaro kuma sai iyayensa sun sa.

Domin a samu minti 52 masu kyau, ba abin mamaki ba ne a ɗauki awa 30 ko 40. Idan da babban inganci ake ɗauka, awa guda kan cinye fiye da gigabait 300. Awa 40 ke nan ta kai terabait 12, kuma ƙa'ida ita ce a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gini dabam. Wannan kaɗai kuɗi ne da ba wanda ke tunawa da shi lokacin da ake rubuta wasiƙar neman taimako.

Na uku tacewa, kuma nan ne aiki yake. Sai an rubuta duk abin da aka faɗa a hirarraki kalma-kalma, an fassara wanda ke wani harshe, sannan mai tacewa da darakta su zauna makonni, sau da yawa shida zuwa goma sha biyu, suna jera labarin. Bayan nan a gyara launi, a haɗa sauti, a naɗi muryar mai ba da labari, a yi rubuce-rubucen allo da taswirori. Sai haƙƙin mallaka, wanda shi ne ramin da sababbin masu shiri suka fi faɗawa. Waƙar coci na iya zama ta shekara ɗari biyar, amma naɗin da wata ƙungiyar mawaƙa ta yi mata bara yana da mai shi. Tsohon hoton bidiyo na Fafaroma ko na wani taro ana sayen izininsa ne da daƙiƙa ko da minti, kuma farashin ya danganta da ƙasashe nawa za a nuna, shekara nawa, a talabijin kawai ko har da intanet. Wanda ya sayi izinin shekara biyar na ƙasa guda, shirinsa zai kwanta a akwati bayan shekara biyar, ko YouTube ta toshe shi tun kafin nan.

Na huɗu kai shi gaban mai kallo. Kowace tasha da ƙa'idojinta na karɓar shiri: tsarin fayil, ƙarfin sauti, rubutun ƙasan allo. Turai da Najeriya na aiki da hoto 25 a daƙiƙa, Amurka kusan 30, saboda haka shirin da zai tsallaka teku sai an juya shi. Idan tashar ba ta coci ba ce, sai a sayi fili. Sai tallata shirin, da yanka shi gajere-gajere na minti biyu ko uku don waya, da ɗan littafin tambayoyi idan ana son a yi nazarinsa a ƙungiyoyin coci. Kasafi mai hankali yana ware kashi 10 cikin ɗari don abin da ba a zata ba, kuma a ƙasar da kuɗinta ke faɗuwa gaban dala wannan ma bai cika isa ba, tunda kayan aiki da izinin hotuna da kuɗin waje ake biya.

Inda aiki ke lalacewa

Mafi yawan shirye-shiryen da suka mutu a hanya ba a wajen ɗauka suka mutu ba. An tara kuɗi da zafi-zafi, an yi tafiya, an ɗauko hotuna masu kyau, aka dawo asusu ya bushe. Masu bayarwa na son su ji cewa kuɗinsu ya sayi kyamara ko ya kai tawaga Urushalima, amma ba wanda ke jin daɗin cewa ya biya kuɗin rubuta hira ko izinin waƙa. Shi ya sa furodusa mai gaskiya ba ya fita ɗauka sai kuɗin tacewa na hannu, ko akwai alkawarinsa a rubuce.

Sayen kayan aiki ma yakan zama tarko. Dayosis ta samu kyautar kyamarori masu tsada, ba a ware kuɗin horar da mutum ko albashinsa ba, wanda aka koya wa ya samu aiki a wani wuri ya tafi, bayan shekara uku kayan sun tsufa a kabad. Ga mai yin shiri ɗaya ko biyu a shekara, haya ta fi saye sauƙi.

Sai sauti. Mai kallo na haƙuri da hoton da ba shi da kyau sosai, amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. Cikin coci akwai amsa-kuwwa, a waje akwai janareto da iska da babura. Tawagar da ta rage kuɗi ta bar mai ɗaukar sauti a gida ta yi asarar da ba a gyarawa a ɗakin tacewa.

Akwai wani kuskure ƙarami mai babban sakamako: a gama shiri ba a ajiye murya daban, kiɗa da sauran sautuka daban ba. Idan an cakuɗa su a layi guda, ba yadda za a cire Turanci a sa Hausa ko Faransanci ba tare da an kashe kiɗan da kukan tsuntsu da ƙarar kararrawa ba. Ajiye su a rabe ba ya cin wani kuɗin kirki a lokacin haɗawa, amma shi ne ke ba shiri damar shiga harsuna goma.

Mafi muni shi ne cutar da wanda aka yi hira da shi. Mutumin da ya sauya addini, ko wanda ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa, ko matar da aka ci zarafinta, yana iya yarda a ɗauke shi ba tare da ya gane cewa hoton zai dawo wayoyin ƙauyensu ba. Rufe fuska kaɗai ba ya wadatarwa idan an bar muryarsa, ko ƙofar gidansa, ko sunan garin. Wannan nauyi ne da babu saƙon da ya kai a yi sakaci da shi.

Wa ke da ikon cewa shiri na Katolika ne?

Kundin dokokin cocin na 1983 ya yi magana a fili. Doka ta 216 ta ba masu bi ƴancin kafa ayyukan yaɗa bishara da kansu, amma ta ce babu aikin da zai ɗauki sunan Katolika sai da amincewar hukumar coci da ta dace, wato galibi bishop ɗin wurin. Doka ta 823 ta ɗora wa bishop-bishop nauyin sa ido kan abin da ake yaɗawa game da bangaskiya da ɗabi'a. Doka ta 1265 ta hana neman kuɗi don wata hukumar coci ko aikin ibada ba tare da rubutaccen izini ba. Ta 1267 kuma ta ce baikon da aka bayar don wata manufa, a kan wannan manufa kaɗai za a kashe shi. Wannan ta ƙarshe kariya ce ga mai bayarwa: wanda ya rubuta cewa kuɗinsa na shirin kaza ne, hukumar coci ba ta da ikon karkatar da shi zuwa gyaran rufin ofis ba da saninsa ba.

Ba a takarda kawai dokokin suke ba. A 2011 babbar dayosis ta Detroit ta sanar cewa wata kafar bidiyo da ke yankinta ba ta da izinin amfani da sunan Katolika, kuma daga baya kafar ta sauya suna.

Sai dai amincewar bishop ba ta kashe muhawara ba. Masu goyon bayan tashoshin da ke tsaye da ƙafafunsu na cewa ƴancin kuɗi ne ke ba su kuzari da saurin aiki, suna kafa hujja da yadda kafar bishop-bishop ɗin Amurka ta durƙushe. Masu suka kuma na cewa wanda ke ciyar da kai shi ke juya ka: tashar da ke rayuwa da kuɗin wasu attajirai ko wani rukunin masu kallo za ta karkata ga abin da suke son ji, har siyasa ta shigo. A 2021, a wata ganawa da ya yi a Slovakiya, Fafaroma Francis ya koka da wata babbar tashar Katolika da ya ce ba ta gajiya da sukarsa, ko da yake bai ambaci suna ba.

Akwai kuma saɓani kan gaskiyar da ake faɗa. Wasu na ganin shirin bangaskiya kyawawan abubuwa kawai ya kamata ya nuna. Amma shirin tarihin mishan da ya tsallake alaƙar wasu ƴan mishan da mulkin mallaka, ko shirin rayuwar wani daga cikin tsarkaka da ya mai da shi kamar bai taɓa tuntuɓe ba, mai kallo mai hankali yana ganewa, kuma daga nan ya daina yarda da sauran abin da aka faɗa. A ganina masu bayarwa su ne ya kamata su fara nuna cewa ba yabo suke saye ba. Mai ɗaukar nauyi na da haƙƙin a sa sunansa a ƙarshen shiri, a nuna masa lissafi, a gayyace shi kallon farko. Ba shi da haƙƙin zama a ɗakin tacewa yana cewa a cire wannan a sa wancan.

Yadda abin yake a Najeriya

A nan akwai wani shinge na doka da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa a 1992 ta hana ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisin tasha. Ƙa'idojin hukumar sun kuma taƙaita yawan lokacin da tasha za ta ba shirye-shiryen addini, sun hana sukar wani addini, kuma tun 2004 aka hana nuna mu'ujizar da ba a tabbatar ba. Wannan ne ya sa tashoshin addini, na Kirista da na Musulmi, suka fi yawa a tauraron ɗan'adam da intanet. Ta ɓangaren Katolika akwai Lumen Christi da ke Legas da kuma talabijin ɗin da babbar dayosis ta Abuja ta kafa. Wanda ke son shirinsa ya kai gidan da ba shi da dish sai ya sayi fili a tashar jiha ko mai zaman kanta, kuma wannan kuɗi ne da ake biya kowane mako.

Ga masu jin Hausa, giɓin ya fi faɗi. Akwai ƴan Katolika masu ibada da Hausa a dayosis-dayosis na Kaduna, Zariya, Kafanchan, Kano, Sakkwato, Kontagora, da Maraɗi a Nijar, ga kuma Katsina da aka kafa a 2023, wadda bishop ɗinta na farko, Gerald Mamman Musa, masanin harkar sadarwa ne. Amma yawancin shirye-shiryen da ake da su da Turanci suke. Hanya mafi arha ta cike giɓin ita ce a nemi izinin shirin da aka riga aka gama a sa masa muryar Hausa, abin da masu kallon arewa suka saba da shi a fina-finan fassara. Muryar ta fi rubutun ƙasan allo amfani, domin da yawa daga masu kallo tsofaffi ne ko waɗanda karatu bai zauna musu ba, kuma a ƙaramin allon waya rubutu wahala ne.

Fassarar kuwa ba aikin kowane mai jin harsuna biyu ba ne. Jimlar Hausa kan fi ta Turanci tsawo, don haka sai an sake gina maganar ta dace da tsawon hoton. Kalmomin addini kuma suna da kaifi. Koyarwar Katolika ta bambanta sujada, wadda ta Allah ce shi kaɗai, da girmamawar da ake yi wa Maryamu da tsarkaka. Mai fassarar da ya sa "bauta" inda ake nufin "girmamawa" ya sa wa cocin maganar da bai faɗa ba, kuma a gaban maƙwabtan da dama abin da suke zargi ke nan. Dole fada ko katikis, wato mai koyar da addini a coci, da ya ƙware a Hausar coci ya bi rubutun layi-layi kafin a shiga ɗakin naɗi. A ƙasar da maganar addini ke iya tada ƙura cikin awa guda, shirin da ke bayyana abin da ƴan Katolika suka gaskata ba tare da taɓa na wani ba yana da amfani har ga wanda ba Kirista ba, tunda yana rage jita-jita.

Akwai kuma aikin da ba wanda zai zo daga waje ya yi: naɗar tsofaffin katikis da matan zumunta da suka ga farkon coci a garuruwansu. Wannan ba ya buƙatar tafiya ƙasar waje ko izinin gidan tarihi, mota da makirfo mai kyau da haƙurin zama kawai yake so, kuma masu labarin suna ƙarewa.

Abin da mai bayarwa zai tambaya kafin ya tura kuɗi

Da farko, wa ke neman kuɗin, kuma wane bishop ko shugaban ƙungiyar coci ne ya san da aikin? Kiran ofishin sadarwa na dayosis ya isa ya tabbatar. Asusun da za a tura kuɗin ya kasance da sunan hukuma mai rajista, ba na mutum ɗaya ba, domin ƴan damfara kan ɗauki hoton fada ko tambarin tasha su buɗe shafin bogi a Facebook ko su yi ta turo saƙo a WhatsApp.

Sannan a nemi ganin kasafin a rarrabe: nawa ne na ɗauka, nawa na tacewa, nawa na izinin waƙa da hotuna, nawa na watsawa. Kasafin da kusan dukkansa kayan aiki da tafiye-tafiye ne alama ce ta shirin da ba zai ƙare ba. A tambayi wace tasha ce ta yi alkawarin nunawa, kuma ko alkawarin a rubuce yake. A tambayi wa zai mallaki shirin bayan an gama, ko coci-coci da makarantu za su iya nuna shi kyauta, da shekarun da izinin hotunan zai ɗauka. A nemi ganin aikin da tawagar ta taɓa gamawa, ko na minti goma ne. A kuma tambayi abin da za a yi da kuɗin idan ba a tara adadin da ake nema ba.

Mai babban kuɗi zai fi samun kwanciyar hankali idan ya raba gudunmawarsa kashi uku: kashi ɗaya idan an amince da rubutu, ɗaya bayan an gama ɗauka, na ƙarshe idan an miƙa shirin ga tasha. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, abin da yake bayarwa duk wata ya fi wa tasha amfani a kan dunƙulen da zai zo sau ɗaya, ko da jimillarsu ɗaya ce. Wanda ba shi da kuɗi ma yana da abin bayarwa: tsofaffin hotunan baftisma da na ginin coci da ke cikin akwatin gida, masaukin tawaga na kwana biyu, aron mota, ko zama da mai fassara a duba kalmomi. Idan hoto ne aka bayar, a rubuta sunan wurin da shekarar a bayansa da fensir, a kuma karɓi takardar da ke nuna cewa aro ne za a maido bayan an kwafa.